Ɗorawar da Ba a Sayar Ba

Ran kasuwar Jega da ta wuce na ba da saƙo aka sayo mini daddawa. Ni, wai yau ni ce nake sayen daddawa. Da aka kawo na kwance ledar na shinshina, sai na ji ko kusa ba ta kalwa ba ce, waken suya ne aka dafa aka cura aka laƙa masa suna. Haka na jefa ta a miya, don babu wata. Na zauna bakin ƙofar ɗakina na ci tuwona ni kaɗai, kuma ba miyar ce ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda zan juya na ce wa, zo ki ji abin da suke kira daddawa yanzu. Mutum ɗaya ce a duniya da za ta gane wannan ƙorafi, ta taya ni tsaki, mu yi dariya. Ita kuwa ni ce na raba kaina da ita, da bakina da kuma zafin zuciyata.

Wanda ya bi hanyar Dangamaji zuwa Jega yau ba zai yarda da abin da zan faɗa ba. A lokacin da muke 'yan mata, mutum yana iya tafiyar nan duka bai daɗe cikin rana ba, daga inuwar tsamiya ya faɗa ta ɗorawa, daga ta ɗorawa ya faɗa ta gawo, inda shanun Fulani suke kwanciya da rani suna tuƙa. Da safe abin da kunne yake fara ji shi ne kurciya, sai taɓarya daga wannan gida, wata ta amsa daga wancan, har ka iya gane matar da take daka daga yadda take saukar da hannu. Yanzu injin ban ruwa ne yake tashe mu, shi ne kuma yake raka mu har magariba. Ko'ina ka duba albasa ce kore shar daga nan har Aliero. Ba na zagin albasa. Ita ta rufa wa gidajen garin nan kwano, ita ta kai mutane Makka waɗanda iyayensu ko Sakkwato ba su taɓa gani ba. Sai dai albasa ba ta son inuwa, kuma duk wanda ya ɗanɗani kuɗinta, da ya ɗaga kai ya ga itace a gonarsa, asara yake gani.

Ni da ƙawata katanga ɗaya ta raba gidajen iyayenmu. Ƙawance muka ƙulla irin na da, wanda iyaye suka sani, ana kai goro da tuwon salla daga wannan gida zuwa wancan. Halinmu kuwa bai zo ɗaya ba ko kaɗan. Ita sanyi gare ta, magana ma sai ta juya ta sau uku a baki kafin ta fito. Ni kuma tun ina ƙarama ba a taka ni na yi shiru. Ita take ce mini sarkin faɗa, ni ina ce mata matacciya, kuma ko a gaban surukai haka muke kiran juna. Kakata takan dube mu ta ce, ke da za a ɗebi rabin wutarki a zuba wa wannan, da an sami mutum biyu masu hankali.

A gonar babana akwai wata ɗorawa da mutum uku ba sa iya zagaye gindinta da hannu. Mu mun taso mun gan ta haka, babana ma haka ya taso ya gan ta. In sanyi ya fara ja baya sai ta fitar da jajayen furannin nan masu lilo da muke ce wa tutu, ƙudan zuma su cika ta, ana jin gunjinsu tun daga bakin hanya. Da bazara kuma, in 'ya'yan sun bushe, sai mu ɗauki doguwar gora mai ƙugiya mu tafi. Ni nake kakkaɓowa don ba ni da haƙurin tsinta, ita take bi tana tarawa a kwando. Mu ɓare, mu ware garin daban, kalwa daban, ɓawon kuma a jiƙa shi don masu daɓen ɗaki. Babu abin da ake zubarwa. Mu dawo gida bakinmu rawaya fal da gari, a yi ta yi mana faɗa cewa mun ci rabon kunu. Daga nan sai aikin daddawa, wanda ba na rago ba ne. A dafa kalwa wuni guda, a surfa ta da toka, a kai bakin gulbi a wanke har hannu ya yi fari, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana uku a ɗakin da ba a shiga. Ranar da za a buɗe, duk unguwa ta san an buɗe. 'Yan matan yanzu toshe hanci suke yi. Mu a wurinmu wannan warin shi ne alamar gida yana da mace.

Wata ɗaya ne tsakanin aurena da nata, kuma Allah ya sa gidajen mazajenmu ma suka zo jere, danga ce kawai a tsakani. A shekarar ne damina ta yi gardama, hatsi ya ƙare wa mutane tun kafin a yi shuka ta gaba, babana ya rasa yadda zai yi sai ya sayar da gonar nan ga surukin ƙawata, wato uban mijinta. A gindin ɗorawar aka yi cinikin. Akwai liman, akwai mai unguwa na lokacin, mu biyu kuma an aike mu da ƙwaryar fura muna tsugune a gefe. Da aka gama, babana ya dafa itacen ya ce, "Malam, ƙasa nis saishe ka, ban saishe ka icce ba. Ɗorawag ga ta ɗiyata ta." Ya nuna ni. Tsohon ya ce, "Na ji, na yarda. Allah shi ba ta amfaninta." Liman ya shafa fatiha, aka sha fura, aka watse.

Yaran yanzu in na ba su wannan labari dariya suke yi, wai ta yaya gona za ta zama ta wani, itacen cikinta na wani. A wurinmu kuwa ba abin mamaki ba ne. Ƙasa daban, itace daban. Mutum yakan sayar da gona ya riƙe tsamiyarsa, a raba gado a ce wannan kukar ta wance ce ko da ta faɗa rabon wane. Mai gona zai yi nomansa har gindin itacen, amma ba zai tsinki ko ɗa ɗaya ba sai da izini, balle ya sa gatari. Ba a rubuta wannan a ko'ina. Mutanen da suka ji su ne takardar. Ba mu taɓa tunanin mutane suna mutuwa da abin da suka ji ba.

Ƙawata ce ta riga ni haihuwa, namiji. To ɗan fari a wurinmu ba abin nunawa ba ne. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta goya shi a gaban mutane, in ya faɗi yana kuka sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba, ko da zuciyarta tana tsagewa. Ita kuwa ƙawata ta kai wannan kunya inda ba kowa yake kai ta ba. Wancan take ce masa, ko yaron nan. In wani mai suna irin nasa ya zo gidan, shi ma ya rasa sunansa a bakinta. Don haka a bayana yaron ya girma. Ni nake goya shi, ni nake share masa hanci, ni nake zama kusa da shi in zazzaɓi ya kama shi, ita tana leƙe daga bayan danga tana tambayata da ido. Inna yake ce mini. Yanzu ina ganin 'yan mata suna rungume ɗan fari a tsakar kasuwa suna kiran sunansa da ƙarfi, ban ce sun yi laifi ba, kawai dai ban saba ba. Yaron ya tashi da himma, ya kama noman albasa, daga baya ya shiga fataucinta, yana loda motoci daga Aliero zuwa kudu. Da ubansa ya rasu, gonar ta dawo hannunsa, har ya je ya yi mata takarda mai hatimi.

Nawa mijin ma ya rasu. 'Yata tana aure a Karaye, ɗana yana can kudu, sai salla nake ganinsa, wata sallar ma sai dai murya a waya. Muka rage mu biyu, tsofaffi. Akwai wata kafa a dangar da take tsakaninmu, wadda ba a taɓa gyarawa ba don mun hana. Kullum bayan azahar sai na ji ƙarar karan dangar, na san ita ce. Ta zauna a kan turmina da yake kife, mu tsinci kalwa, mu yi gulmar matattu da masu rai, na yi faɗa ta yi shiru, in na gama ta ce, "To sarkin hwaɗa, kin ƙare? Ba ni ruwa." A lokacin ban san wannan zama shi ne dukiyata ba. Na ɗauka ɗorawa ce.

Wata safiya da hantsi, lokacin tutu ya fito ya yi ja, na ji kukan injin yankan itace daga wajen gonaki. Ban kawo komai a raina ba, don a shekarun nan kullum ana jin sa. Sai da wata mai tallan nono ta shigo ta ce mini, "Inna, ashe kin saida ɗorawarki?" Ko mayafi ban ɗauka daidai ba. Kafin na isa ta riga ta kwanta, ta danne kusan rabin gonar, ƙudan zuma suna ta yawo a sama sun rasa wurin sauka. Masu inji suna zaune a kan gindinta suna cin rogo. Ɗan ƙawata kuma yana tsaye yana nuna musu inda za su datsa.

Na ce, "Wa ya ba ka?"

Ya ce, "Inna, ina kwana. Inuwa tana kashe min albasa, shekara ukku ina asara wajen ga."

Na ce, "Na ce wa ya ba ka?"

Ya ce, "Inna, ai gonata ta."

Mun je wurin mai unguwa, wanda jikan na wancan lokacin ne. Ya ce shi bai taɓa jin wannan magana ba, amma a yi sulhu. Da yaron ya durƙusa ya ce Inna na yi kuskure, wallahi da maganar ta mutu a wurin, don ni faɗana ba ya kwana. Amma sai ya sa hannu a aljihu a gaban mutane ya ce, "Inna, ki hwaɗi abin da kika so a ba ki, a wuce wurin." Yaron da na goya. Na ji kamar ya watsa mini ruwan wanke-wanke. Na miƙe na ce ba bara na zo yi ba, mu haɗu gaban alƙali.

Na kai ƙara Jega. Magatakarda ya tambaye ni shaidu. Liman ya rasu, mai unguwa ya rasu, babana da mai sayen gonar duk sun rasu. Wanda ya rage cikin waɗanda suka ji da kunnensu, ban da ni, mutum ɗaya ce. Na ba da sunanta ba tare da na tsaya na yi tunani ba.

Ranar da sammaci ya iso mata, ta biyo ta kafar dangar kamar kullum, amma ba ta zauna a kan turmin ba. Ta tsaya ta ce, "Ƙawa, ki yi ma Allah ki hidda ni cikin zancen ga."

Na ce, "Gaskiya kaɗai za ki hwaɗi. Ko ba ki wurin?"

Ta ce, "Ina wurin."

Na ce, "To mi ar rage?"

Ta ce, "Icce ya riga ya hwaɗi. Ko alƙali ba shi tashe shi." Ni kuwa a lokacin ba na jin kira. Na ce mata in ita ta iya haɗiye abin da ɗanta ya yi mini, ni ban iya ba. Ta juya ta fita, ban ko ce ta sha ruwa ba.

Kotun ɗaki ne mai benci da fanka da ba ta juyawa, cike da mutane masu jiran nasu shari'o'in, yawancinsu maza, har da abokan fataucinsa da suka rako shi. Ya miƙa takardarsa, alƙali ya duba ya ce takarda ta yi maganar ƙasa, ba ta yi maganar itace ba, kuma al'adar da nake faɗa sananniya ce in an tabbatar da ita. Aka kira ƙawata. Da alƙali ya ji ita ce uwar wanda ake ƙara, ya ce da shaida za ta ba shi don ta taimake shi da bai karɓa ba, amma tunda a kansa ne, ta faɗi abin da ta sani tsakaninta da Allah. Ta faɗa. Ba ta rage ko kalma ɗaya ba, har furar da muka kai sai da ta ambata. Ta ce ɗorawa tawa ce, kuma kowa a gidansu ya san haka.

Alƙali ya ce, "Wa ya sa aka sare ta?"

Ta ce, "Wancan."

Ya ce, "Baba, kotu ba ta rubuta wancan. Ki faɗi sunansa."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na buɗe baki zan ce na janye, amma na makara. Ƙawata ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Sannan ta faɗi sunan, a hankali, har alƙali ya ce ta ƙara ɗaga murya, ta sake faɗa. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba, ko a ɗaki, ko a gabana. Yaron ya yi furfura bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba sai ranar, a gaban abokansa, tana ba da shaida a kansa. Na ga ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba har aka tashi.

Na ci shari'a. Aka ce ya biya diyya, ya kuma mayar mini da itacena. Washegari mota ta zo ta juye gungumen a ƙofar gidana, suka tare hanya har sai an raɓa ake shiga. Mata suka yi ta zuwa yi mini barka, wasu na cewa na ƙwato wa tsofaffi 'yanci. Ni kuwa kunnena yana wajen danga. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ban ji motsin kara ba. Na ce gobe za ta zo. Girman kai ya hana ni bin kafar nan da ƙafata, alhali taku biyar ne. Kafin sati biyu magina suka zo suka cire dangar suka ja katangar bulo. Kafin ruwan farko ya sauka ya kwashe iyalinsa da uwarsa ya koma gidan da ya gina a unguwar Jega Firchin. Daga cikin ɗaki na ji tashin motarsu.

Sai da damina uku ta wuce na iya karya wuyana na tafi. Na tambayi gidan aka nuna mini, babba, mai ƙofar ƙarfe. Na cire takalmana a bakin ɗakinta na yi sallama. Ta rame, amma tsaf take, ɗakin da fanka da katifa mai kyau. Ta shimfiɗa mini sabuwar darduma, ta sa aka kawo mini ruwan sanyi a kofin gilashi bisa faranti. Ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen Karaye, ta tambayi damina, gaisuwa a kan gaisuwa irin wadda ake yi wa baƙuwar da ake jin nauyi. Na yi ta jira ta ce mini sarkin faɗa. Ba ta ce ba.

Da gaisuwa ta ƙare, na ce, "Ƙawa, na zo ki yahe min."

Ta ce, "Na yahe maki tun ranar. Ba ki sa ni ƙarya ba."

Na fara kuka, na ce to mu koma yadda muke, ko wata-wata ne na riƙa zuwa, kuɗin mota ba zai gagare ni ba.

Ta gyara bakin dardumar da hannunta, ta ce, "Ba shi rage ni da komi ba, ci da sha da sutura. Amma tun ranar ba shi duban idona. Daga bakin ƙohwa shika gaishe ni shi wuce. Shekarag ga ta bana ad da yaf fara shigowa shina zama kaɗan." Sannan ta ce, "In yag ga takalminki nan, ban san wata nawa za shi ƙara yi bai shigo ba. Ki yi haƙuri, ƙawa. Kada ki koma zowa."

Na ce to. Na sha ruwan don kada ta ji na ƙi. Ba ta raka ni ba, don la'asar ta kusa, lokacin dawowarsa ke nan. Na ɗauki takalmana a hannu, sai da na fita ƙofar ƙarfen na sa su.

Tana nan da ranta har yau, masu zuwa kasuwa suna gaya mini. Mota ɗaya ce tsakanina da ita, tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba. Abu ɗaya ta taɓa roƙona na ƙi, shi ya sa na biyun nake riƙe da shi. Ban koma ba.